Kundin ajiyar wake, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa

6 ga Nuwamba

Malamina ne ya tilasta mini buɗe wannan kundi. Ya ce duk abin da ban rubuta ranar da ya faru ba, nan da wata shida bakina zai gyara shi ban sani ba. Aikin na digiri na biyu ne, a ƙauyen kakannina, gabas da Kano, tafiyar sa'a biyu in mota ba ta tsaya lodi ba. Tambayar gajeruwa ce: wace hanya ce ke tsare wake daga ƙwari tun daga kaka har faɗuwar ruwa ba a zuba masa guba ba, kuma nawa take ci?

Wani zai ce ai an daɗe da amsa wannan. A takarda kam an amsa. Tun ƙarshen shekarun 1980 Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da masana na Kamaru suka fara gwada ajiyar wake a leda mai ninki a yankin Marwa. A 2007 aka ƙaddamar da shirin PICS, wato shirin Purdue na yaɗa wannan buhu mai leda, da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka baza buhun a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Najeriya da Nijar. Masana na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi sun gwada shi sun sake gwadawa. To amma makon jiya na zagaya gida goma sha huɗu a garinmu, biyu kacal suka taɓa saye. Wannan giɓin ne ya kawo ni.

Da yamma Kawu ya raka ni fadar dagaci. Na zube na yi gaisuwa, na yi bayani dalla-dalla kamar yadda na haddace a mota. Ya saurara har na dire, sannan ya ce, "To ɗan nan, in waken ya lalace, asarar wa?" Na ce, "Allah ya ja zamaninka, tawa ce." Kawu ya harare ni. A hanyar gida ya ce in daina alkawari da aljihun da ba ni da shi.

9 ga Nuwamba

Kasuwar hatsi ta Dawanau, a Kano. Na shiga da ƙarfe tara, ban fito ba sai bayan azahar. Buhun da nake nema hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, kowacce kaurin maikiron 80 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), sai buhun saƙa a waje. A shagon farko an miƙo mini wani mai araha, mai shagon na rantsuwa duk ɗaya ne. Na sa yatsa na ja ledar, ta miƙe kamar ta ƙullin gyaɗa. Na ajiye masa. A wajen dila na uku na samu na gaske.

Na zauna a kan benci na gwada ledojin ɗaya bayan ɗaya: a kaɗa ta cika da iska, a murɗe baki, a danna, a kasa kunne. Cikin talatin da biyu, ɗaya na tsiyaya a gindi, aka canza mini ba gardama. 'Yan dako sun taru suna kallo, wani ya ce malam na hura balan-balan.

Ƙananan buhu 6 a naira 1,500, manya 10 a naira 2,200, jarka 6 mai lita 25 a naira 2,500. Dubu 46 ke nan, ban da mota.

13 ga Nuwamba

Tsarin da muka daidaita da malamina: hanya huɗu. Buhu mai leda, jarka, randa da toka, sai buhu na yau da kullum wanda ba a yi masa komai ba, don a ga abin da ƙwari za su yi in an bar su. Kowane mazubi kwano takwas, don abin da jarka ke ɗauka ke nan. Buhun leda da jarka in aka buɗe an ɓata gwajin, saboda haka kowannensu shida ne: biyu a buɗe a Janairu, biyu a Maris, biyu a Mayu. Toka da buhun banza biyu-biyu sun isa, tunda ana iya ɗiba a mayar. Shi uku-uku ya so, kuɗina biyu-biyu suka kai. Ya ce in rubuta haka a fili a cikin rahoto, kada in ɓoye.

Kwano 128 na wake irin Ɗan'ila, wato buhu uku da kwano takwas, a naira 2,250 kwano. Dubu 288. Buhu ɗaya a ciki na Kawu ne, bashi, sai na sayar in biya.

Matsala ta fito tun yau. Na cije ƙwaya daga buhun da na saya a kasuwar ƙauyen maƙwabta, maimakon ta fashe ƙas, sai haƙori ya lume. Na yi gwajin gishiri: busasshiyar kwalba, wake ya kai kashi ɗaya cikin uku, cokali uku na gishirin da na shanya, a girgiza, a bar shi minti goma sha biyar, a sake girgizawa. Gishiri ya manne a jikin kwalbar. In ya manne haka, danshin ya kai wajen kashi 15 cikin 100 ko fiye, kuma in ka rufe irin wannan a leda ba ƙwari za su ci ka ba, ruɓa ce. Da alama an haɗa sabon sussuka da tsoho. Sai shanya.

15 ga Nuwamba

Shanya kwana biyu a kan tamfol. Awaki da kaji sun sa na ɗauki yara biyu gadi, ɗari biyar-biyar. Gishiri ya daina mannewa.

17 ga Nuwamba

Ranar ɗuri. Na haɗe waken gaba ɗaya wuri guda, muka juya shi da shebur har sai da ya zama abu ɗaya, sannan na ɗebi ƙwaya ɗari sau uku na baje a faranti. Masu huji uku cikin ɗari. Masu ƙwai a jiki goma sha ɗaya. Na nuna wa Kawu ƙwan, ɗan farin ɗigo manne a bayan ƙwaya kamar an ɗiga kakin kyandir da tsinken allura. Ya ce shekara hamsin yana noman wake, ya ɗauka datti ne.

Abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba ke nan: ƙwaron tun daga gona yake biyo wake. Uwar ta manna ƙwai, tsutsar ta huda kai tsaye ta shige ciki, ta ci ta girma a can, bayan mako uku zuwa huɗu in da zafi ta fito da fiffike ta bar huji. Wadda ta fito ba ta ma cin komai, aikinta ta yi ƙwai ta mutu. Shi ya sa buhun da ka ɗaure yana sheƙi a kaka kake buɗe shi gari a bazara, ka yi ta zargin ɗakin ajiya.

Ɗaurin buhun leda sai an nutsu. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure ita kaɗai. Sannan ta biyu ita ma daban, sannan na waje. Jarka kuwa a cika ta har wuya, a bubbuga ta zauna, a ƙara, a sa leda a ƙarƙashin murfi.

Toka ce ta wahalar da mu. Kwanon wake, kwanon toka, kuma sai an tankaɗe. Kwano goma sha shida na toka ba wasa ba ne, sai da muka bi gida bakwai da wajen mai gashin burodi. Gwaggo ce ta karɓe wannan ɓangaren daga hannuna, ta ce in matsa. Haka take ajiye irinta tun tana amarya. Ta gauraya, ta danna da tafin hannu, ta rufe sama da toka kaurin yatsa biyu, ta ce, "Kai da bokonka yanzu ka zo?" Na ce, "Gwaggo, ai koyo na zo."

An jera komai a ɗakin zauren Kawu, a kan katako, nesa da bango.

20 ga Nuwamba

Na raba manyan buhu goma ga gida goma. Waken nasu ne, buhu kyauta, sharaɗi ɗaya: a bar shi a ɗaure har Mayu, in kuma dole ta sa za a buɗe, a gaya mini dalili. Lamba na ba gidajen, ba na rubuta suna.

Hirar ta koma kan magani. Kusan kowa a nan ko dai ya jefa ƙwayar fostoksin a buhu, ko ya yayyafa fiya-fiya. Wani dattijo ya ce shekara nawa suna ci ba su mutu ba. Ban yi masa gardama ba, na dai ba su labarin 2015, da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin nan na dikilobos, wanda shi ne a cikin fiya-fiya. Su iyakarsu miligiram 0.01 a kilo, namu yana ninka hakan nesa ba kusa ba. Ƙasar da ta fi kowace noman wake a duniya, an rufe mata ƙofa. Dattijon ya ce shi bai taɓa sayar wa Bature wake ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai wata mata daga bayan zana ta ce ita dai duk ranar da ta buɗe buhun maigidanta sai kanta ya yi ciwo har dare. Maganarta ta fi tawa aiki.

29 ga Nuwamba

Zagaye. Goma duk a ɗaure. Hunturu ya fara.

9 ga Disamba

Gida na 4 sun buɗe. An yi haihuwa, ana bukatar wake da shinkafa ranar suna, ga buhu a ɗaka. Sun ɗebi kwano shida. Wannan ba laifi ba ne, ana iya buɗewa a ɗiba a sake ɗaurewa, in dai an yi sauri an matse iska. Amma yaron da aka aika ya haɗe leda biyun da buhun waje ya ɗaure da igiya ɗaya, sakwa-sakwa, kwana biyar yana haka.

Laifina ne. Ranar rabo maza na koya wa ɗauri a ƙofar fada, alhali masu shiga ɗakin ajiya kullum mata ne da yara. Na nemi izinin masu gida, Gwaggo ta shiga gida goman ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin buhu tana nunawa. Yini guda ta yi. Na saya mata goro da turmin atamfa mai sauƙin kuɗi, na sa a lissafi.

21 ga Disamba

Ɓera.

Kawu ya kira ni da asuba. Na iso na tarar an ci gindin ɗaya daga cikin buhunan leda biyu da na ware wa Mayu, huji kamar bakin kofi, har leda ta ciki. Wake ya zuba a ƙasa, ga kashin ɓera. Da na duba sai na ga dalili: an shigo da damin gero ɗakin an jingina da katakon, ya zama tsani. Ba wanda ya amsa shi ya kawo.

Ana cewa ɓera bai cika damuwa da buhun leda ba don ba ya jin ƙanshin abin da ke ciki. Wataƙila haka ne in buhun tsaf yake. Namu mun ɗura shi a inda aka yi shiƙa, ƙurar wake duk ta hau bayansa, ban goge ba.

Na kira malamina ina tunanin sauya leda. Ya ce a'a. Manomi in ɓera ya huda masa buhu ba Dawanau zai tafi ba, salatif zai nema ya liƙe. In yi yadda manomi zai yi, in sa masa alama daban. Na liƙe ciki da waje. Ke nan a Mayu buhu ɗaya tal zan samu lafiyayye, abin da bai isa a kafa hujja da shi ba. Raina ya ɓaci yinin nan. Na sayi tarko huɗu, aka fitar da geron, na sa kwaɗo a ƙofar, mabuɗi ɗaya wajen Kawu ɗaya wajena.

4 ga Janairu

Tarko ya kama shida a mako biyu. Hazo ya yi yawa, mota na tafiya da fitila da rana. Ba wani sabon abu.

17 ga Janairu

Buɗewar farko, wata biyu cif.

Buhun leda: masu huji huɗu cikin ɗari a ɗaya, uku a ɗayan. Jarka: huɗu da huɗu. Toka: biyar da shida. Buhun banza: sha tara da ashirin da uku. Na ɗauka zai fi haka, amma sanyin hunturu yana rage wa ƙwaron sauri. Da na ɗaga ƙwayoyin buhun banzan a rana sai ga tagogi, wato ɗan da'irar nan mai duhu inda fatar wake ta yi siriri, ƙwaro na ciki yana jiran fitowa. Na ƙirga tagogi sun fi hujin yawa. Abin yana tafe.

A gindin ledar kuwa matattun ƙwari ne, busassu, in ka murza su zama gari. Yara suka tambaya me ya kashe su tunda ba magani. Na ce su da kansu. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce. In an rufe leda, ƙwarin da tsutsotsin suna shaƙa har ta yi ƙasa sosai, su daina ci, su daina girma. Kuma da yake ruwan jikinsu daga abincin da suke ƙonawa da iskar nan suke samunsa, ƙishirwa ce ke ƙarasa su. Wani yaro ya ce ashe kurkuku ne. Na rubuta, don ya fi bayanina.

Na sayar da waken da aka buɗe na leda da jarka, kwano 32 ban da abin da na ɗiba, a naira 2,300. Na rage wa Kawu bashi.

2 ga Fabrairu

Gida na 2 da na 7 sun sayar. Na 2 matarsa aka kwantar a asibiti. Na 7 kuɗin makarantar yara da ragowar bashin takin bara. Dukansu a 2,300 suka sayar, ribar naira hamsin a kwano bayan wata biyu da rabi, kuma dillali ya ci la'adarsa a ciki.

Mai gida na 7 ya zo har zauren Kawu yana ba ni haƙuri kamar ya ci amanata. Ya ce, "Malam, buhunka ba shi da laifi, waken kamar jiya aka sussuke. Amma buhu ba ya biyan kuɗin makaranta." Na rasa abin cewa. A takardar tambayoyin da na tsara akwai gurbin huji, gurbin nauyi, gurbin launi da wari. Babu gurbin wannan.

Na kwana ina karanta tsarin da ake yi a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 da tallafin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda suke kira warantaj. Manoma su haɗa amfaninsu a ɗakin ajiya ɗaya a kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya na ƙungiyar manoma ɗaya na asusun da zai ba da rance. A ba kowa wani kaso na darajar kayansa ya yi hidimar gabansa ko sana'ar rani, in farashi ya tashi a buɗe, a sayar, a biya. Hatsin da kansa ne jingina. A nan garin tambayar farko da za a yi ita ce ta kuɗin ruwa, kuma tambaya ce mai kyau, sai an zauna da malamai an ga yadda za a tsara shi ba riba. Ba aikin digirina ba ne. Amma na ƙara shafi a takardar tambayoyi: me ya sa ka sayar, nawa kake bukata a ranar, da ka samu rancen rabinsa za ka jira?

16 ga Fabrairu

Zagaye. Takwas na nan. Babur ya yi faci sau biyu, dubu ɗaya da ɗari biyu.

4 ga Maris

Azumi ya kama, kasuwar wake ta motsa saboda ƙosai da alale. Kwano 2,600. Gida na 9 ya sayar, kuma ban ga laifinsa ba, ya ci riba. Gida na 4 sun buɗe nasu suna ci. Na roƙi ƙwaya ɗari: sha huɗu masu huji. Kwana biyar ɗin nan na Disamba da buɗe-buɗen da aka riƙa yi bayansa sun nuna kansu.

17 ga Maris

Buɗewa ta biyu, da azumi a baki, zafi ya sauko.

Tun daga ƙofa wari ya tare ni. Buhun banza na sa hannu a ciki na ji ɗumi kamar cikin kaza, ƙwari na bin hannuna har gwiwar hannu. Masu huji saba'in da ɗaya cikin ɗari a ɗaya, saba'in da takwas a ɗayan. Wasu ƙwayoyin huji uku, huɗu. Na auna kwano guda a sikeli, ya yi sauƙi ƙwarai a kan na Nuwamba, gindin buhu duk gari. Kawu ya ce in fitar masa da wannan annoba daga zaure kafin ta bi gidan. Ya yi gaskiya, ban yi tunanin cewa buhun gwajina zai zama gidan haihuwar ƙwari ga maƙwabta ba. Na mayar da su wani kango a bayan gari.

Buhun leda huɗu da huɗu. Toka bakwai da tara. Jarka ɗaya biyar. Ɗayar talatin da takwas.

Na juya jarkar nan ina neman dalili, sai da na cika ta da ruwa na kife sannan na gani: tsaga a murfi, siririya kamar gashi. Tsofaffin jarkokin man gyaɗa ne na saya, na gwada ledoji talatin da biyu ɗaya-ɗaya a Dawanau amma ban gwada murfi ko guda ba. Na duba biyun da suka rage na Mayu daga waje, na naɗe murfinsu da robar tayar keke.

Wani abu kuma: a ledar ciki ta buhu ɗaya na ga 'yan huji ƙanana guda biyar, daga ciki aka yi su. Ƙwarin da suka fito a makonnin farko ne suka nemi hanya. Ta biyun lafiya lau. Yau na gane amfanin ninkin da idona. Zan ajiye duk ledojin in ƙirga hujinsu a gaban fitila, don ana cewa buhu na yin kaka biyu ko uku, ina so in ga ko namu za su yi.

23 ga Maris

Na gwada gashin rana a kan kwano huɗu na buhun banza, ba don a ceto shi ba, don mutane su gani. Busasshiyar ciyawa a ƙasa, baƙar leda a kai, a baje wake, a rufa farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefe a danne da duwatsu. Sa'a biyu da tsakar rana. Binciken Purdue ya nuna zafin digiri 57 na sa'a guda yana kashe ƙwai da tsutsa da uwa. Ma'aunina ya haura 60 kafin ƙarfe ɗaya. Ba ƙwaro ɗaya mai motsi. Sai dai huji ba ya toshewa, kuma in ka mayar a buhun banza wasu za su zo.

12 ga Afrilu

Gida na 1 ya sayar, kayan ɗakin 'yarsa. Saura biyar. Kwano 2,750.

Na zauna da jerin gidajen ina dubawa. Biyar ɗin da suka rage: biyu na da fadama suna ɗiban tumatir da albasa, ɗaya ɗansa na aiko masa da kuɗi daga Legas, ɗaya tela ne, ɗaya kuwa bazawara ce mai awaki goma sha wani abu, in bukata ta taso akuya take kaiwa kasuwa. Ba ko ɗaya a cikinsu da wake ne kaɗai abin da zai taɓa.

28 ga Afrilu

Zafi. Ban je ba, na kira Kawu. Kwaɗo na nan.

17 ga Mayu

Buɗewar ƙarshe a ƙofar fada, gaban jama'a, kamar yadda masu shirin PICS suka riƙa yi a ƙauyuka: a ɗaure a gaban kowa, a buɗe a gaban kowa. Dagaci ya sa aka shimfiɗa tabarmi, mata suka tsaya ta gefen rijiya.

Lafiyayyen buhun leda, biyar cikin ɗari. Wanda ɓera ya ci aka liƙe, ashirin da biyu, salatif ɗin ya saki da zafin Afrilu. Jarka biyar da shida. Toka tara da sha ɗaya. Buhun banza ban ƙirga masu huji ba, marasa huji na nema, na samu huɗu a ɗaya, biyu a ɗayan. Gidaje biyar ɗin duk tsakanin uku da bakwai.

Na gayyato wani mai awo daga kasuwa, ban gaya masa wanne ne wanne ba, na ce ya sa kuɗi. Na leda da na jarka 2,900. Na toka, duk da an tankaɗe an bushe, ya murza ya ce ya dushe, 2,500, masu saye za su ce tsoho ne. Gwaggo ta ce ai ita ba don kasuwa take yi ba. Na banza ya ce ko kyauta sai dai kaji.

Wanda ya jira ya samu ƙarin naira 650 a kwano, dubu 26 a buhu, a cire 2,200 na leda. Ana wannan lissafi da ƙarfi mai gida na 7 yana tsaye a baya, hannu a aljihu.

24 ga Mayu

Gwajin tsiro: ƙwaya ɗari-ɗari a jiƙaƙƙen buhun algarara, kwana bakwai a inuwa. Leda 88, jarka 85, toka 90, buhun banza 17. Na kai wa Gwaggo sakamakon toka da kaina. Ba ta ce komai ba, ta ƙara mini fura.

Lissafi: abin da na kashe gaba ɗaya, da mota da gadi da tarko da faci, ya kai dubu 412. Abin da ya dawo daga sayar da wake dubu 243. Na biya Kawu tas.

Malamina ya ce sakamakon Mayu na buhun leda ba zai tsaya shi kaɗai ba, sai an maimaita. Kaka mai zuwa uku-uku, da sababbin jarkoki, a gwada kowane murfi da ruwa. Ledojin bana za su koma aiki don a ga kaka ta biyu. Mata za a fara koya wa ɗauri. Buhun banza ba zai sake kwana a cikin gari ba. Gidaje kuma ashirin, rabi a cikinsu waɗanda ba su da fadama ko dabba, kuma na roƙi dagaci ya haɗa ni da limamin gari da shugabar adashin mata ranar Juma'a mai zuwa, mu ji ko adashin zai iya riƙe buhu biyar a ɗaki ɗaya da kwaɗo biyu. Hadari ya haɗu ta gabas yau da la'asar, bai zubo ba. Kawu ya karɓi kwano biyu daga lafiyayyen buhun, ya ce iri zai yi.